Wace Kalma Za Mu Ba Wicca da Neo-Paganism? Ba "Maita" Ba Dai

1/ Salamu alaikum 'yan'uwa masu fassara da masu rubuta labarai da Hausa. Wannan zare kan kalmomi biyu ne da ke shigo mana daga kafofin Ingila da Amurka, musamman in ƙarshen Oktoba ya gabato: Wicca da Neo-Paganism. Duk wanda ya ci karo da su sai ya jefa abin da ya fara zuwa bakinsa: mayu, matsafa, arna, masu bautar Shaiɗan. Ina so mu tsayar da magana ɗaya.

2/ Su wane ne tukuna? Wicca addini ne da ya fito fili a Ingila a shekarun 1950, ta hannun Gerald Gardner, tsohon ma'aikacin gwamnatin mulkin mallaka da ya yi aiki a Malaya kafin ya yi ritaya. A 1951 Birtaniya ta soke dokar 1735 da ta hana mutum da'awar yana da ikon sihiri. A 1954 sai Gardner ya buga littafi yana cewa akwai wani tsohon addini da ya tsira a ɓoye tun kafin zuwan Kiristanci, kuma shi an shigar da shi ciki. Masana tarihi irin su Ronald Hutton na Jami'ar Bristol sun bi diddigi, suka ga sabon haɗi ne: Gardner da abokan tafiyarsa, cikinsu har da Doreen Valiente, su suka harhaɗa shi daga littattafai da al'adun ƙungiyoyin asiri.

3/ Suna girmama abin bauta mace da namiji. Macen suna danganta ta da wata, namijin kuma da ƙaho ake zana shi. Bukukuwansu takwas ne a shekara, suna bin juyin yanayi, ciki har da na daren 31 ga Oktoba da na 1 ga Mayu. Sukan shata da'ira a ƙasa, su kunna kyandir, su ƙona turare, su yi surkullensu. Ƙa'idar da suka fi maimaitawa ita ce: muddin ba za ka cuci kowa ba, yi abin da ka ga dama.

Neo-Paganism kuwa ita ce babbar rumfar. A ƙarƙashinta akwai Wicca, akwai masu taruwa a duwatsun Stonehenge, wani tsohon wurin tarihi a Ingila, suna jiran fitowar rana, akwai masu bautar Odin da Thor (abubuwan bautar mutanen arewacin Turai na dā), waɗanda ƙasar Iceland ta amince da ƙungiyarsu a hukumance tun 1973. A ƙidayar 2021 ta Ingila da Wales, kusan mutum 74,000 suka rubuta "Pagan" a gurbin addini, wasu kusan 13,000 suka rubuta "Wicca".

4/ Rigimar suna ba daga kanmu ta fara ba. Can ƙasashensu ma, abin da waɗanda ba sa cikin addinin suke kiransa shi ne filin dagar. Masu tsananin riƙo da Kiristanci sun ga ƙaho sai suka ce Shaiɗan ne, su kuma mabiyan suka ce Shaiɗan ba ya cikin aƙidarsu sam. Waɗanda ba su yarda da kowane addini ba sukan yi musu dariya, su ce wasan yara ne da kyandir. A 1999, da aka ji sojojin da ke bin Wicca suna ibadarsu a sansanin Fort Hood na Texas, George W. Bush, lokacin yana gwamnan jihar, ya ce shi bai ɗauki wannan abu addini ba. Alhali tun 1986 wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta yanke cewa addini ne, a ƙarar wani fursuna. Sai a 2007 ma'aikatar kula da tsofaffin sojoji ta yarda a sassaƙa alamarsu, tauraro mai tsini biyar a cikin da'ira, a kan kabarin soja, shi ma sai da aka kai ta kotu.

A wajen Musulmi hukuncin a bayyane yake, shirka ce, kuma ban zo canza wannan ba. Amma hukunci aikin malami ne a kan mumbari. Mai fassara labari aikinsa ya sa mai karatu ya gane wa ake nufi.

5/ Mu fara da "mayu", tunda ita ta fi yawo, don su da kansu suna kiran kansu witch, kalmar Turanci da aka saba fassarawa da "maye". Maye a wajen Bahaushe ba addini yake bi ba. Mutum ne da aka yi imani yana da ƙanƙara a ciki, ko ya gada ko ya saya, yana kama kurwar mutane. Yaro zai kwanta yana ramewa, cikin zafin zazzaɓi ya ambaci sunan wata tsohuwa a unguwa, nan take a taru a jawo ta, a ce sai ta tsallake shi ta saki kurwarsa. Har yau ana dukan tsofaffi a kan wannan zargi, wasu ma a rasa su. Ba kasafai ake samun wanda ke bugun ƙirji ya ce ni maye ne ba. To rubuta kanun labari "Mayu 13,000 a Ingila" ka ga abin da mai karatu a Gumel ko Tasawa zai fahimta: cewa akwai dubban masu cin kurwa da suka yi rajista da gwamnati. Ƙarya ka faɗa masa ke nan, ko da ba ka yi niyya ba.

6/ "Matsafa" ta fi muni. A labaranmu na yau matsafi shi ne wanda aka kama da sassan jikin mutum yana neman kuɗi. Waɗannan kuwa akasarinsu ko kaza ba sa yankawa.

7/ "Arna" fa? A Nijar, wajen Dogonduci da Lugu, garin Sarauniya, azna suna ne na masu riƙe da addinin kaka da kakanni. Amma a Najeriya kalmar ta zama zagi, ana jifan Kirista da ita a kasuwa da kan intanet. Ka sa ta a labari, rabin masu karatu za su ɗauka Kiristocin Ingila kake nufi. A ajiye ta.

8/ Na san akwai malamin da zai ce mu ce "borin Turawa", kuma na ga inda hankalinsa ya je, don shigar da sabon mabiyi a Wicca ta ɗan yi kama da girka. Allah ya gafarta Malam, bori na da iskokinsa masu suna, da garayarsa, da hawansa, kuma 'yan bori da yawa in ka tambaye su addininsu Musulunci za su ce maka. Abu biyu ne daban.

9/ Saura "maguzanci", kuma nan na tsaya. Kalma ce da muke da ita tuntuni ga bautar da ta riga addinan littafi. Mukan ce zamanin maguzanci in muna maganar Barbushe da Tsumburbura a Dutsen Dala. Masana da yawa suna ganin daga Majusu na Larabci ta fito, wato tun asali suna ne na rarrabe jama'a, ba na la'anta ba. Tana da nauyinta, ban musa ba, amma ba ta ɗora wa kowa laifin kisa.

Sai dai Bamaguje na karkarar Kano ko Katsina gadon abinsa ya yi, a gidan da aka haife shi ya tarar da shi. Ɗan Landan kuwa a littafi ya karanta ya zaɓa. Shi ya sa "sabon" dole ta zauna a gaba, ita ke ɗauke da wannan bambanci. Don haka Neo-Paganism: sabon maguzanci. Mutanen: mabiya sabon maguzanci. Kada a ce "sabbin Maguzawa", domin Maguzawa al'umma ce da ke raye, da gonakinta da sunayenta, ba a ba Baturen da bai san su ba aron sunansu.

10/ Ita Wicca suna ce, ba a fassara suna, kamar yadda ba mu fassara Hindu ko Buda ba. A rubuta ta yadda bakinmu zai faɗa: Wika. Addinin Wika, ɗan Wika, 'yar Wika, 'yan Wika. In labari ya ce wata ta kira kanta witch, a rubuta "'yar Wika", in kuma aikin ake nufi a ce "mai sihiri". A karon farko a labari a ƙara bayani na rabin layi: Wika, wani reshe na sabon maguzanci da ya taso a Ingila.

11/ Kalma ɗaya ta rage, coven, wato ƙaramar ƙungiyar da suke taruwa a ciki, wadda bisa al'ada ba ta wuce mutum 13. "Ƙungiyar asiri" za ta mayar da mu inda muka baro. Ni "da'ira" nake so, tunda a cikinta suke tsayawa, sai dai 'yan ɗarika ma suna amfani da kalmar ga taronsu na zikiri, kuma ba na son a haɗa ni faɗa da su. Masu fassara na Kano da Damagaram, ku kawo taku.