Shawarwari kan ƙera faifan ƙananan elektrod

Mun daɗe muna tattauna yadda ake tsara faifan gilashin nan da ake shuka ƙwayoyin jijiya ko na zuciya a kansa domin auna siginar lantarkinsu. Ga abin da na tsinta.

An fi jan magana a kan girman elektrod, wato ɗan ɗigon da ke ɗauko siginar ƙwayoyin a kan faifan. Ƙarami yakan ware ƙwaya guda, amma turjiyarsa ga wucewar lantarki na da yawa, hayaniya (lantarkin da ba a so) kuma sai ta danne siginar da ba ta wuce 'yan mikrobolt goma zuwa ɗaruruwa ba. Babba yana rage hayaniya, sai dai yana cakuɗa siginonin ƙwayoyi da dama. Masu ƙwarewa sun ce sabon shiga ya fara da tsarin da aka saba: elektrod 60, faɗin kowanne mikromita 30, tazara mikromita 200. Ni ma nan na tsaya.

Don rage turjiya ana shafa wa elektrod baƙin filatinom (garin ƙarfen filatinom mai laushi), amma yana ɓarewa bayan wanki, har ka ga baƙin gari-gari a ruwan. Shafin titaniyom naitirayid ya fi juriya. A auna turjiyar kowane elektrod da siginar gwaji mai kilohaz 1 kafin a shuka komai.

Abin da ya fi damuna shi ne rufin wayoyi: ƙaramar tsaga a silikon naitirayid da ake rufe su da shi ta ishe ruwan gishirin da ƙwayoyin ke ciki ya ɓata aikin makonni. A kuma shafa wa faifan laminin, wani furotin, don ƙwayoyi su manne sosai, a rufe na'urar da kejin Faraday, wato akwatin ƙarfe mai tare lantarkin waje, saboda hayaniyar wutar gida.