Gasar biyan bashi a talabijin, ya dace yara su kalla?

Maman Biyu: Salam 'yan uwa, don Allah shawara nake nema. Akwai wani shirin gasa na Amurka, Paid Off, tashar truTV ce ta fara shi a 2018, mutum uku ake kawowa duk bashin kuɗin jami'a ya yi musu katutu, a yi ta musu tambayoyi, wanda ya kai zagayen ƙarshe in ya amsa daidai a biya masa bashin. Yarona ɗan shekara 11 ya tsinto shi a YouTube, jiya na ji yana ce wa ƙanwarsa ai in ka ci bashi telebijin za ka je a biya maka. Gabana ya faɗi wallahi. In hana shi ne?

Malamin Firamare: Hajiya kar ki hana, in kin hana ma zai kalla a wayar abokinsa. Ki zauna ku kalla tare, ki nuna masa fuskar waɗanda aka cire, su fa gida za su koma da bashinsu a wuya. Lokacin da aka fara shirin bashin ɗaliban Amurka ya kai wajen dala tiriliyan 1.5, mutum nawa gasa za ta fitar? Kuma abin ya iso mu, tun 2024 ga NELFUND, asusun gwamnatin Najeriya, na ba ɗalibai rance, ba kuɗin ruwa dai amma biya ake yi, bayan shekara biyu da gama bautar ƙasa.

Ɗan Kwari: Malam ni ban yarda ba gaskiya. Mu a kasuwa da bashi muke kwana muke tashi, kuma sirri ne tsakaninka da uban ɗakinka, yanzu a tsayar da mutum gaban kyamara ya faɗi adadin abin da ake binsa ana tafi ana dariya, yaro mai shekara 11 me zai ɗauka in ba cewa abin wasa ne ba? Annabi (SAW) fa sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin bashin wani mamaci sannan ya sallace shi. Ni a gidana ba za a kunna ba.

Maman Biyu: Na gode. Yau da daddare zan kalli guda ɗaya ni kaɗai tukuna, sannan mu yi magana da babansu.