Gonar Baba Kofur: soja ne ko ɗan dako?

Sani Jikan Kofur: Salamu alaikum 'yan uwa. Wallahi tun jiya ban runtsa ba. Yanzu a ce gonar Baba Kofur ta bakin fadama, wadda ya saya da kuɗin sallamarsa bayan ya dawo daga yaƙin Bama a 1946, ita su Baffa za su yanka filoti-filoti su sayar wa 'yan birni? Mutumin da ya hau jirgin ƙasa a Ringim ko gemu bai fito masa ba, ya tsallaka teku har Indiya, ya dawo ya kama fartanya, ko shekarar da cuta ta cinye gyaɗa a 1975 bai bar gonar nan ba sai dai ya mai da ita gero da dawa. Sojan da ya ba da jininsa, yau ko saƙon inda ya zuba gumi ba za a bar mana ba.

Malam Habu: Wa alaikumus salam. Sani Allah ya huci zuciyarka, amma kalmar sojan nan a duba ta. Ni daga bakin mahaifina na ji, kaya ya je ɗauka. Runduna ta 81 ta sojojin Afirka ta Yamma da ta shiga kwarin Kaladan a ƙasar Bama a 1944 ta tafi da dubban 'yan dako saboda duwatsu da daji ba hanyar mota, jirgin sama ya jeho kaya su kuma su ɗora a ka, kuma yawancinsu ba a ba su bindiga ba.

Gwaggo Talatu: Habu ubana kake ce wa ɗan dako? Ni na wanke kakinsa da hannuna, na ga lambarsa mai tauraro a cikin adaka. To ɗan dako ake kira kofur?

Malam Habu: Gwaggo ku yi haƙuri, ban ce kun yi ƙarya ba. Amma a garin nan ai duk wanda ya sa kaki kofur ake ce masa, har mai gadin makarantar firamare.

Ɗanlami Direba: Kai Malam ji tsoron Allah. Wanda ya ɗau akwatin harsashi a ka ya hau dutse Japanawa na harbi, shi da mai bindigar wa ya fi shiga haɗari? Harsashi yana tambayar wa ke da bindiga ne?

Malam Habu: Haɗari daban, suna daban. Yaron mota ma yana cikin haɗari amma ba a ce masa direba, kai ka fi kowa sani.

Ɗanlami Direba: Kar ka sako ni, ni da lasisina.

Sani Jikan Kofur: Jama'a maganar gona fa na kawo.

Auwalu Legas: Ni dai a nan Yaba kullum ina wuce Barikin Myohaung, kuma sunan garin da sojojinmu suka ƙwace ne a Bama a Janairun 1945. Baba Kofur da bakinsa ya ambaci sunan nan muna yara a gindin durumi, yana cewa Miyahon. Wanda bai je ba ina zai san shi?

Malam Habu: Zuwa ya je, wa ya musa? A fito da littafin sallama kawai a karanta abin da Bature ya rubuta.

Gwaggo Talatu: Littafin gara ta ci tun shekarar da ɗakin soro ya rushe. Kuma tunda ka tono, gaya wa mutane wa ya rubuta sunansa aka tafi da shi. Kakanka ne yana dagaci, da aka ce kowane gari ya kawo mutum ya ɓoye nasa 'ya'yan a rumbu ya miƙa maraya. Inna har ta rasu ba ta daina faɗa ba.

Malam Habu: Wannan ƙazafi ne Gwaggo. Hakimi ne ya aiko, kuma ƙanen kakana ma an kai shi haƙar kuza Jos, ya dawo da tarin da ya kashe shi. Gidanmu ma an yi kuka.

Ɗanlami Direba: Gidan sarauta dai har gobe ba sa son a ce talaka ya yi suna.

Auwalu Legas: Ɗanlami bar wannan, kai ma haushin rabon takin bara ne ke cin ka.

Sani Jikan Kofur: Ranar Lahadi masu sayen za su zo daga kasuwar Gujungu su auna. Ba mai cewa komai?

Admin Musbahu na Baffa: To ya isa haka. Abin da aka tattauna: mutum uku sun shaida Baba Kofur cikakken soja ne, ga lamba ga kaki ga sunan gari, Malam Habu shi kaɗai ne kuma bai kawo takarda ba, don haka ya nemi afuwar Gwaggo. Maganar dagaci a bar ta. Batun gona kuwa gado ne, an raba tun tuni a gaban malamai, mahaifina kasonsa zai sayar ba na kowa ba, kuma Sani bai kamata ka kawo sunan babanka guruf ba, ka same shi a gida. Na rufe rubutu sai bayan isha'i.