Musayar Waƙa: Gadar Kaduna

Baba Masaƙi, Tudun Wada:
Assalamu alaikum. Jiya na ga yaranmu suna jifan juna kan jam'iyya, wannan ya ce "arne", wancan ya ce "ɗan ta'adda". Barci ya gagare ni. Amsa-amo "na" ne, mai amsawa ya riƙe shi.

Da sunan Allah zan buɗe bakina,
Waƙar gada zan yi, gadar Kaduna.

Shekara sha takwas ina masaƙa a Kakuri,
Injina na jikin injin aminina.

Yohanna sunansa, mutumin Kagoro,
Kwano ɗaya muke sa hannu da rana.

Ran Sallah shi ke fara zuwa cin nama,
Ran Kirsimeti shinkafarsa har gidana.

Sai Fabrairun 2000 ta zo da hayaƙi,
Rikicin Shari'a ya cika gari da fitina.

Ya kwashi yara ya koma Sabon Tasha,
Na haye kogi, Tudun Wada na zauna.

Masaƙar KTL ta 1957 ta yi shiru a 2002,
Yunwar da ta biyo ba ta tambayar suna.

Ko musu bai taɓa haɗa ni da shi ba,
Amma an fi shekara ashirin rabon da mu gana.

Ɗan Rigasa:
Baba, na gaishe ka, amma ka yi haƙuri,
Zumuncin nan labari ne a wurina.

Ran da na kai fasinja unguwar Television a Keke,
Wata ta ƙanƙame jaka da ta ji sunana.

Ta ce da 'yarta, "Kula, irinsu ne,"
Har yau maganar tana sukar raina.

To don me zan zaɓi wanda suka zaɓa?
In sun yi gabas, yamma zan sa gabana.

Ni na rubuta "arne", ba zan ɓoye ba,
Wanda ya raina ni, shi zan raina.

Talatu Mai Ɗinki, Sabon Tasha:
Na rubuta amsa mai zafi har sau biyu ina gogewa. Ga ta uku.

Ƙanena, sannu, na ji inda ke maka ciwo,
Ba ni ce matar ba, amma halinta halina.

Afrilun 2011, da aka faɗi zaɓe,
Shagon ɗinkina na Kawo aka ƙona.

Keke biyu, da atamfofin jama'a,
Shekara uku bashinsu na wuyana.

Wanda ya ɓoye ni a ɗakin matarsa,
Alhaji ne mai gawayi, maƙwabcina.

Ya sa ta ba ni hijabi na saka,
Ya raka ni har gada, yana saɓe da ɗana.

Ina masa addu'a duk ran Lahadi,
Amma tsoron ranar bai bar jikina
Ba, in na ji ihu ko na 'yan ƙwallo ne,
Sai na laluba ina jakata, ina ɗana.

Kalmar da ka rubuta na san muryarta,
Ita aka kira ni da ita a waccan rana.

Bar batun jam'iyya, mu ajiye shi gefe,
Faɗa wa yayarka, me ke hana ka kwana?

Ɗan Rigasa:
Anti, ban san ta inda zan fara ba,
Kin ɗaure ni da jijiyoyin jikina.

Tun Mayun 2023 da aka cire tallafin mai,
Fetur da balas ke shanye gumina.

Takardar difloma na ƙarƙashin katifa,
Inna na kwance, maganinta a kaina.

Ina so in shigo unguwarku da yamma,
Babu mai ja da baya don ya ga gemuna.

Ƙuri'ata dai tana nan inda take, Anti,
Kalmar jiya kuwa na goge ta da hannuna.

Malam Mai Alli, Barnawa:
Baba, a ba ni dama in sa baki kaɗan.

Da rikicin Zangon Kataf ya iso a 1992,
Fasto Wuye ya rasa hannu a nan Kaduna.

Imam Ashafa ya rasa malami da 'yan'uwa,
Kowannensu ya kwana da ƙuna.

Sai a 1995 aka haɗa su magana,
A hankali har suka ba juna amana.

Agustan 2002 shugabannin addini 22
Suka sa hannu a daina fitina.

Nuwamba na zuwa wuta ta sake tashi,
Shi ya sa tambayar Talatu ta fi tsaya min a raina.

Talatu Mai Ɗinki:
Ƙanena, riƙe ƙuri'arka, zan riƙe tawa,
Allah ya ba Inna lafiya, ka gaishe ta da sunana.

Asabar zan sari yadi a kasuwar Gumi,
Kai za ka ɗauko ni, ka dawo da ni har shagona.

In ka ga na riƙe jaka, kar ka yi shiru,
Ka ce, "Anti, ni ne," sai in sassauta hannuna.

Baba Masaƙi:
'Ya'yana, in akwai wuri a Keken nan,
Ku biyo Tudun Wada, ƙafa ta gaji da jikina.

Dogo ne, da tabon inji a yatsan hagu,
Ya kan ce min "Ɗan Malam" in zai kira sunana.

In yana raye, ku kai ni ƙofarsa,
In ya riga mu, 'ya'yansa ma 'ya'yana.

Talatu Mai Ɗinki:
Baba, masu suna Yohanna suna da yawa a nan, amma tsofaffin ma'aikatan masaƙa sun san juna. Akwai biyu a cocinmu, yau da yamma zan leƙa gidajensu. Ka shirya ƙarfe goma ranar Asabar, gaban mota naka ne.

Ɗan Rigasa:
Keke ba shi da gaban mota, Anti. Baba zai zauna kusa da ke, yadin a ƙafarku. Tara da rabi ina ƙofar shagonki.