Neman shawara: ana yi wa shafin shagonmu harin DDoS

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni ke kula da shafin intanet na wani shagon atamfa da shadda. Tun makon jiya shafin ke ɗaukewa kullum da yamma. Kamfanin da ke riƙe mana saba (kwamfutar da shafin ke kai) ya ce harin DDoS ne, dubban na'urori ke turo buƙatu lokaci guda har sabar ta kasa amsa wa masu saye. Ina toshe adireshin IP (lambar da ake gane na'ura da ita a intanet) ɗaya wasu na ɓullowa. Jiya ma aka turo saƙo wai mu biya kuɗi a ƙyale mu. Don Allah a taimaka.

Wani injiniya:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, ko sisin kwabo kada ku biya, wanda ya karɓa yau gobe zai dawo. Toshe IP da hannu kuwa wahalar banza ce, domin na'urorin ba na maharin ba ne, na bayin Allah ne aka yi wa kutse. Haka wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta yi a watan Oktoban 2016, da kyamarorin tsaro da rauta na gidaje aka afka wa kamfanin Dyn a Amurka, har Twitter da Netflix suka ɗauke wa mutane da yawa. Idan layinka ya riga ya cika, manhajar tace buƙatu da ke kan sabarka ba ta da abin yi. Dole a tare ambaliyar tun kafin ta iso gare ka. Ka mayar da DNS ɗinka (tsarin da ke haɗa sunan shafi da adireshinsa na IP) Cloudflare, kamfanin da ke kare shafuka, ko tsarinsu na kyauta yana da wannan kariya.

Wata 'yar uwa:
Gaskiyar Malam ce, amma akwai inda mutane ke tuntuɓe. Maharin ya riga ya san ainihin adireshin sabarku, zai zagaye Cloudflare ya bugo kai tsaye. Ka nemi sabon IP, sannan ka saita sabar ta karɓi buƙatu daga adiresoshin Cloudflare kaɗai. Ka duba imel ɗin shagon ma, idan daga sabar yake fita zai tona sabon adireshin.

Wani ɗan uwa:
Idan Nginx kake amfani da shi, wato manhajar da ke amsa buƙatu a kan saba, ka ƙayyade yawan buƙatu a shafin shiga da na bincike. Saƙon barazanar kuma ka adana shi tare da bayanan sabar, kada ka goge.

Mai tambaya:
Allah ya saka da alheri. Yaya, imel ɗin daga sabar yake fita, da shi zan fara yau da dare.