Mercedes 300D ta 1984 ba ta mutuwa idan an murɗa makulli: famfo ne ko tiyo?

Mai 300D, Zariya:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masana a kan motata Mercedes 300D ƙirar W123, ta shekarar 1984, mai injin gas, wato dizal, silinda biyar da giya otomatik. A 'yan kwanakin nan idan na murɗa makulli domin in kashe ta, injin yakan ci gaba da aiki na ɗan lokaci kafin ya mutu a hankali, wani lokacin kuma sai na buɗe bonet na danna jan hannun nan da aka rubuta wa STOP. Ƙofofin baya sun daina kullewa tare da ta direba, sannan giya tana shiga da ƙarfi har motar ta girgiza. Birki kuwa lafiyarsa lau, bai yi tauri ba. Bakaniken da na kai wa ya ce famfon bakum, wato famfon da ke zuƙar iska, shi ne ya gaji, in nemo wani a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano. Shin akwai gwajin da ya kamata a yi kafin in kashe wannan kuɗi?

Tsohon Bakanike, Kaduna:

Wa alaikumus salam, Malam. Shawarata ita ce kada ka sayi famfo tukuna, domin lafiyar birkin da ka ambata ita ce babbar shaidar cewa famfon yana aiki. Injin fetur yana samun zuƙar iska kyauta daga bututun da iska ke bi ta shiga cikinsa, amma wannan injin gas ba shi da wannan gata, shi ya sa aka ɗaura masa famfo a gaba, kuma daga wannan famfo ɗaya ne birki, da abin kashe inji, da makullan ƙofofi, da giya duk suke sha. Babban baƙin tiyo yana tashi daga famfon kai tsaye zuwa tukunyar birki, wadda ke sa birki ya yi laushin taku, sauran kuwa ƙananan rassa ne da ke fita daga jikinsa ta 'yan ƙananan huji. Saboda haka idan reshe ɗaya ya tsage, yakan kwashe rabon 'yan'uwansa rassa, alhali birki bai ji komai ba.

Abin da za a fara yi shi ne a sami gejin auna bakum, a cire ƙananan tiyoyin daga jikin babban, a toshe bakin ɗaya, a haɗa gejin a ɗayan, sannan a tayar da mota a bar ta a silo. Famfo mai lafiya zai kai allurar inci 20 ko fiye, wato kusan miliba 700, cikin 'yan daƙiƙoƙi, kuma allurar za ta tsaya cak. Idan an sami haka, maganar famfo ta ƙare.

Daga nan sai a bi rassan ɗaya bayan ɗaya, kuma kamfanin ya sauƙaƙa aikin da ya bambanta su da launi. Tiyoyi masu ruwan ɗorawa na ƙofofi ne, mai ruwan ƙasa yana tafiya zuwa bayan makullin tayar da mota, mai ruwan ƙasa da shuɗin zane kuma yana dawowa daga can zuwa bawul ɗin kashe inji da ke bayan injekta, wato famfon da ke tura wa inji mai. Ni da reshen ƙofofi nake farawa kullum, domin shi ya fi kowanne tsawo, ya ratsa ƙarƙashin kafet, ya shiga kowace ƙofa, ya kai har but da murfin tankin mai, kuma a duk inda ya bi akwai mahaɗar roba wadda ta sha zafin rana da ƙura sama da shekara arba'in. A zare tiyon ɗorawan kusa da tukunyar birki, a toshe wurin da ƙaramin noti, a tayar da mota a kashe. Idan ta mutu nan take, to ɓarnar tana ƙofofi.

Direban Maraɗi:

Ina goyon bayan abin da dattijo ya faɗa, kuma zan ƙara wani gwaji da ba ya bukatar kayan aiki. Malam, ka zauna cikin motar tana aiki, ka kulle ƙofar direba ka kashe ta, sannan ka sake gwadawa ba tare da ka kulle ƙofar ba. Layin kullewa daban yake da layin buɗewa, ɗaya ɗorawa ne mai jan zane, ɗayan mai koren zane, don haka idan injin yana mutuwa da sauri a hali ɗaya yana kuma jan ƙafa a ɗayan, ka riga ka raba aikin gida biyu. Wurin da na fi samun tsagewa shi ne inda tiyo ke ratsa robar da ke tsakanin ƙofa da jikin mota, saboda lanƙwasar da yake sha duk lokacin da aka buɗe ƙofa.

Akwai kuma abu guda da nake roƙon a kiyaye. Idan aka zare tiyon da ke kan bawul ɗin kashe inji aka ga baƙin mai a ciki, robar cikin bawul ɗin ta fashe, dole a canza shi. Wannan bawul yana da ƙugiya da ke kama sandar da ke sarrafa mai a cikin injekta, kuma idan aka ɗaura shi ba daidai ba, injin zai iya tashi da gudun da makulli ba zai tsayar ba har sai ya lalata kansa. Duk wanda zai yi aikin ya buɗe bakin shigar iska tun kafin a tayar, ya ajiye faffaɗan katako kusa da shi domin toshe wurin, kuma kada a kuskura a sa tafin hannu.

Mai 300D, Zariya:

Allah ya saka muku da alheri. Mun aro geji, famfon ya ba da abin da ake bukata, kuma da muka toshe tiyon ɗorawa motar ta mutu da murɗa makulli ɗaya. Da muka ɓalle marfin ƙofar baya ta dama, mun tarar da robar na'urar da ke jan makullin ta bushe ta tsage a lanƙwasarta, har ana jin tsakin iska idan an kasa kunne. Tiyon bawul ɗin kashe inji kuwa busasshe ne, babu mai. Sai dai har yanzu giya tana ɗan bugawa tsakanin ta ɗaya da ta biyu. Baba, ko in sa a taɓa saitin da ke jikin giyar?

Tsohon Bakanike, Kaduna:

Madalla, amma kada a taɓa wannan saiti yanzu. Giyar motar nan tana gane nauyin da ke kan inji ne ta hanyar bakum: a silo zuƙar tana da yawa sai giya ta shiga a tausashe, idan aka taka totur kuma wani bawul da ke kan injekta yana rage ta a hankali har ta kusa ƙarewa. Tiyon da ke zubar da iska yana sa giyar ta ɗauka kullum totur a ƙasa yake, shi ya sa take bugawa. A haɗa gejin a kan tiyon da ke gangarawa zuwa giya, a ja shi zuwa cikin mota, a yi tafiya ana kallon allura. Ya kamata ta sauka sannu a hankali gwargwadon takun ƙafa. Idan ba ta tashi sosai a silo, a duba mahaɗan roba masu baki uku da huɗu da ke saman inji, a kuma leƙa ƙarƙashin mota a ga ko tiyon bai zame daga jikin giyar ba. Mahaɗan nan ba su da tsada, kuma ni a mota mai wannan shekaru nakan canza su gaba ɗaya, ina cire ɗaya ina mayar da sabo kafin in taɓa na gaba, domin kada layukan su rikice. Ka kawo mana abin da gejin ya nuna a silo da kuma a rabin totur.