Daga Hotoro zuwa Kwari a keke kullum, wa ya taɓa gwadawa?

Ɗan Hotoro: Salamu alaikum jama'a. Yaron shago ne ni a Kantin Kwari, gidanmu Hotoro. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin A Daidaita Sahu ke cinye abin da maigidana yake sallamata da shi. Na tara dubu tamanin. Sabon Phoenix mai kariya zan saya ko na hannu mai giya? Sannan a ina mutum zai ajiye shi a Kwari? Wanda ya taɓa yi nake so ya ba ni shawara.

Abban Walida: Wa alaikumus salam. Ƙaro kuɗi ka sayi mashin mai caji kawai ka huta.

Ɗan Hotoro: Yaya, dubu tamanin fa na ce.

Na Kurna: Ƙanena, ni na yi, kuma ban ji daɗi ba. Daga Kurna nake takawa zuwa Sabon Gari. Zafin rana ban damu da shi ba, da asuba nake fita. Ranar da abin ya faru ina gefen titi sosai, wani mai A Daidaita ya hango fasinja, ya yanko gabana ba sigina ba komai ya taka birki. Na daki bayansa, ƙashin kafaɗata ya karye, gargaren gaba ya lanƙwashe. Mutane suka taru, sai ba ni haƙuri ake yi, wai ai keke ne, a bar wa Allah. Shi ko sannu bai tsaya ya yi ba. Ina kwance wurin mai ɗori maigidana ya ɗauki wani yaron. Har yau in sanyi ya shigo ba na iya ɗaga bokiti da hannun nan. A titin Kano mai keke ba mutum ba ne.

Maman Ilham: Subhanallahi. Allah ya ƙara sauƙi, ya saka maka.

Baba Mai Faci: Allah ya kiyaye gaba. Amma yaro, kada wannan ya karya maka gwiwa. Ɗauki Phoenix. Kacarsa, birkinsa, bawul, duk lungun da ka shiga akwai kayansa. Mai giya in abin canjin nan na baya ya karye sai ka zaga gari kana nema. Da dubu saba'in za ka samu mai lafiya.

Sadiku BUK: Baba, saba'in a wace shekarar? Watan jiya abokina ya tambaya a Sabon Gari, ɗari da ashirin aka ce masa. Kuma duk wanda zai hau gadar Ɗangi da keke mara giya zai gane kurensa.

Abban Walida: Ni hamsin da biyar na sayo wa ɗana.

Sadiku BUK: Na yara kenan ai.

Na Kurna: Baba fa kasuwa yake nema, kowace taya ta sace aljihunsa za ta.

Baba Mai Faci: Ranka ya daɗe, tun ba a haife ka ba nake ɗaure sufok. Wanda ya faɗi sau ɗaya da wanda kekunan unguwa duk suka bi ta hannunsa, wa ya fi sanin keke?

Gwanin Zoo Road: Ɗan Hotoro dai ka fara shawara da budurwarka. In ta ji ƙararrawa a ƙofar gida maimakon hon, ƙanenta za ta aiko ya ce ta yi barci 😂

Maman Ilham: Ku bar wasa. Mahaifinmu da Raleigh ya yi aikinsa har ya yi ritaya, ba wanda ya raina shi. Abin da ke ci mini rai masu A Daidaitan nan ne. Tun da aka hana acaɓa a 2013 suka san ba mu da yadda za mu yi. Da an yi yayyafi kuɗi ya ninka, mutum uku a baya, biyu a gaba.

Direba Sani: Hajiya, a yi mana adalci. Ki tambayi nawa muke shan mai, nawa muke kai balas kullum, ga masu karɓar kuɗin tikiti a hanya.

Na Kurna: Balas ɗin ne ya hana ku kunna sigina?

Ɗan Hotoro: Don Allah maganar wurin ajiyewa fa? An ce ko da kwaɗo biyu ɗauke shi ake yi.

Direba Sani: Malam Na Kurna, ba dukanmu ne haka ba. Faɗa mini a wane shatale abin ya faru tukuna.